Keken da Ba Ya Son Guduma: Daga Raleigh Zuwa Kabon a Titin Zariya

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga Gyadi-Gyadi ya nufi tashar Unguwa Uku, in ya saki ido a gefen hanya da lungunan da suka ratsa zuwa Tarauni, ba zai rasa ganin mai gyaran keke a gindin bishiya ko ƙarƙashin 'yar rumfar kwano ba. Kayan aikinsa sanannu ne, kuma kusan su ne na ubangidansa da na wanda ya koya wa ubangidan nasa: guduma, filaya, sifana biyu ko uku da bakinsu ya cinye, gwangwanin baƙin mai, famfo, da kwanon ruwan da ake tsoma tub a nemi inda yake yoyo. Da waɗannan aka riƙe kekunan Kano kusan ƙarni guda. Sai ga shi a 'yan shekarun nan, cikin kekunan gwanjo da ake saukewa ta Legas da Kwatano, jefi-jefi akan tsinci wani baƙo: keken tsere mai firam ɗin kabon, wanda yaro ɗan firamare zai ɗaga da hannu ɗaya. A ƙasashen da aka ƙera shi dominsu, sabo mai daraja daga cikinsu kan kai kuɗin mota. A nan kuwa yakan zo babu takarda, babu tarihi, wani lokaci ma babu taya, firam ne kawai da fok. Guduma da filaya na iya kashe shi cikin minti ɗaya, famfon ma bakinsa bai dace da siririn bawul ɗinsa ba.

Ba za a gane girman wannan baƙunta ba sai an koma ga yadda keke ya zama ɗan gari. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe wa birnin ƙofar kuɗi irin wadda bai saba gani ba. Jirgin da ke tafiya da buhunan gyaɗa ba ya dawowa fayau: yana zuwa da atamfa, da kwanuka, da fitilu, da kuma kekuna, waɗanda kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka riƙa sayarwa. Mutanen da suna ce masa basukur, kafin sunan keke ya rinjaya. Masinjoji, da ma'aikatan En'e, da malaman makaranta, da yaran dillalan gyaɗa masu shiga ƙauye, su ne suka fara sabawa da shi. Doki na sarauta ne, jaki na talaka. Shi kuwa wannan dokin ƙarfe ya zo ya tsaya a tsakani, ba ya cin harawa, ba ya buƙatar barga, kuma duk mai albashi na iya sa ran mallakarsa. Hukuma ma ta ga abin samu, aka sa masa lasin da ake biya, ana ɗaura 'yar lamba a jikinsa. Daga baya aka samu masu hayar keke a unguwanni, inda yara da dama suka koyi tuƙi, suka kuma koyi faɗuwa, da 'yan kwabbansu.

Sunan da ya mamaye wannan zamani shi ne Raleigh, wanda bakin Bahaushe ya mayar Rali. Kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila, kuma wani attajiri mai suna Frank Bowden ne ya ɗaga shi daga ƙaramin shago a ƙarshen shekarun 1880. Alfaharinsa a tallace-tallace shi ne cewa kekensa ƙarfe ne zalla, kuma a Afirka ta Yamma an daɗe ana ganin hoton tallan nan na mutum bisa Raleigh yana dariya, zaki na biye da shi ya kasa cim masa. Keken da ake nufi baƙi ne, mai taya inci 28, giya ɗaya tak, birkinsa na sandunan ƙarfe, nauyinsa ya doshi kilo 20. Ba don tsere wa zaki aka saye shi ba. An saye shi don buhun gero, da jarkokin ruwa, da damin itace, da kai yara makaranta biyu a baya ɗaya a gaba. Kasuwar ta yi girman da har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, a unguwar masana'antu ta Bompai. Da Phoenix ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya suka shigo da araha, siffar Raleigh ɗin suka kwaikwaya, don haka mai gyara bai sake koyon komai ba.

A nan ne ilimin gindin bishiya ya samo asali, kuma ilimi ne na gaske, wanda ya dace da abin da aka gina shi a kai. Ƙarfe yana da wata ɗabi'a ta mutunci: kafin ya karye sai ya lanƙwashe, kafin ya ruɓe sai ya nuna tsatsa. Fok ɗin da ya bugi rami ya karkace, a sa ƙafa a taka, a ja da hannu, ya dawo hanya. Firam ɗin da ya tsage, a kai wa mai walda. Hatta ƙusar da ke riƙe hannun feda a jikin tsohon keke, da guduma ake shigar da ita, da guduma ake fitarwa, haka masu ƙirar suka tsara. Ƙa'idar noti kuwa ɗaya ce: a ɗaure har sai ya ƙi tafiya, sannan a ƙara kaɗan don kwanciyar hankali. Raleigh ta yi wa masu gyara wani ɗan wayo da ba kowa ya lura da shi ba, domin zaren notin wasu sassanta layi 26 ne a kowane inci, alhali na sauran kamfanonin Ingila 24 ne. Wanda ya cusa kayan wani kamfani a jikin Rali yakan ji ya cije, sai ya ƙara ƙarfi, ƙarfen kuma ya haƙura ya karɓa. Haƙurin ƙarfe ne ya reni hannun da ke gyaran keke a Kano.

Daga tsakiyar shekarun 1970 martabar keke ta fara zubewa. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikaci ya ɗaga ido zuwa babur, keke ya koma alamar wanda bai samu ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta keke ma ba ta tsira ba. A can Nottingham ɗin ma Raleigh ta daina haɗa keke a 2002. Abin da ya cike gurbin shi ne gwanjo: mota, firji, talabijin, keke, duk aka haɗa su a suna ɗaya, Beljiyam, ko daga wace ƙasa suka fito. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi yunƙurin dawo wa keke da mutunci, yana hawa zuwa ofis a Abuja, har wata rana mota ta tura shi cikin kwata, 'yan ƙasa suka samu abin dariya. Abin da wa'azin minista ya kasa, tilas ta yi. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero kusa da Masallacin Murtala, gwamnati ta hana acaɓa a birnin. A ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kekunan da suka yi shekaru a jingine a zaure suka fito. Tare da su aka ga wani sabon rukuni, masu hawa don motsa jiki da sassafe ko ƙarshen mako, da hular kwano da matsattsun kaya, kuma su ne kasuwar keken tsere.

Shi kuwa kabon, ta sama ya biyo kafin ya sauko kan kwalta. An fara samar da zarensa mai ƙarfi a ɗakunan bincike na Amurka da Japan a ƙarshen shekarun 1950, masana a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila suka inganta hanyar yin sa a 1963, kamfanin Toray na Japan kuma ya fara sayar da shi da yawa a 1971. Kowane zare bai fi kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Ana jera dubbansu su zama ƙyalle, a jiƙa da wani irin danƙo mai suna ifoksi, a shimfiɗa hawa-hawa cikin mazubi, kowane hawa zarensa na fuskantar inda mai ƙira ya so, sannan a gasa. Wato firam ɗin kabon ya fi kusa da aikin masaƙa da maɗinka fiye da na maƙera. A 1986 Greg LeMond ya ci gasar Tour de France a kan keke mai bututun kabon, a 1992 Chris Boardman ya ci zinare a Basalona bisa keken Lotus. Marco Pantani, a 1998, shi ne na ƙarshe da ya ci gasar Faransa a kan firam ɗin alminiyam. Kekuna suka yi ta rage nauyi har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a 2000 cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8. A yau mafi yawan waɗannan firam-firam a Taiwan da Sin ake yin su, ko da sunan da ke jiki na Italiya ne ko na Amurka, kuma mai kyau daga ciki bai cika kilo ɗaya ba.

Ƙarfin kabon yana bin tsawon zare ne. Ta fuskar da aka tsara masa ɗaukar nauyi, ya fi ƙarfe mai nauyinsa juriya nesa ba kusa ba. Ta gefe kuwa, in aka matse shi ko aka doke shi da abu mai kaifi, bangon bututun da a wasu wurare bai fi milimita ɗaya ba sai ya murƙushe. Kuma ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi. Hawa-hawan ƙyallen na iya rabuwa daga ciki alhali fenti na sheƙi a waje, keken ya yi wata uku lafiya lau, ran nan ya rabe biyu a gangaren gada. Wannan ne ya sa gwanjon kabon ya bambanta da kowane gwanjo. Mai sayen tsohuwar mota yana jin ƙarar inji, mai sayen tsohuwar riga yana ɗaga ta a rana. Mai sayen firam ɗin kabon yana sayen abin da ya faru da shi a wata ƙasa, a hannun wanda ba zai taɓa gani ba, sannan da abin da ya same shi a cikin kwantena, inda ake danne kekuna kan juna kamar itacen girki. Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi tun farko: me ya sa mai shi ya rabu da shi? Da yawa sabon yayi ne ya ja su. Wasu kuwa faɗuwa suka yi, wani masani ya ce kada a sake hawa. Ga kuma jabu, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, waɗanda ba a taɓa gwada ƙarfinsu ba.

Saboda haka aikin farko ba na sifana ba ne, na ruwa da sabulu ne da ido. A wanke firam tas, a fito da shi haske, a bi shi taku-taku: ƙarƙashin babban bututu inda duwatsu ke duka, bayan wuya, kewayen ramin sandar sirdi, gefen da kaca ke faɗawa ta gurje, da wuraren da taya ke shiga. Karce a fenti ba komai ba ne. Tsagar da farce ke maƙalewa a ciki, ko wurin da ya yi laushi in an danna da babban yatsa, ko zaren da ya tashi yana kama tsumma, waɗannan magana ce babba. Akan ɗauki kwabo a riƙa ƙwanƙwasa bututu a hankali: lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, inda ya rabu daga ciki kuwa sai a ji ta dushe, kamar tukunyar ƙasa mai tsaga. Dabara ce mai amfani amma ba ta ganin komai. Masu wannan sana'a a Turai na'urar sauti irin ta hoton ciki suke sawa. Fok kuwa dole a zare shi gaba ɗaya a duba sandarsa da ke ɓoye cikin wuya, musamman inda aka taɓa matse ta. Duk sauran sassan keke in sun karye akwai damar tsayawa. In fok ya karye, fuska ce ke fara isa ƙasa, kuma a Titin Zariya akwai tirela a baya.

Sai batun girma, wanda al'adar Rali ba ta san da shi ba. Rali ɗaya uba ke hawa, ɗa ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa a karkace. Keken tsere kamar takalmi yake, yana da lamba, galibi daga santimita 48 zuwa 61, kuma araha ba ta mayar da babban firam ƙarami. Tsayin sirdi yana da lissafin da ya shahara da sunan LeMond: a auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazarar tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Mai ƙafa santimita 84 zai samu kusan 74. Wanda ba shi da abin awo sai ya ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, an kusa. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gwiwa ta gaba, wanda ya yi sama yana ja ta baya. Sandar sirdin tana da layin da ba a yarda a zaro ta ta wuce shi ba, domin in abin da ya rage a ciki ya yi gajere, ita ce za ta zama maɓalli ta fasa bakin firam.

A wajen ɗauri ne tsohon ilimi da sabo suke karo kai tsaye. A jikin wuya da maƙoshin sirdi akan ga ɗan rubutu, 5 Nm ko 6 Nm. Ma'anarsa iyakar ƙarfin da za a murɗa notin da shi ke nan. Biyar ɗin nan daidai take da a rataya nauyin kilo 5 a ƙarshen alanki mai tsawon santimita 10, abin da yatsu biyu za su iya. Hannun da ya saba da Rali yana ninka haka sau uku bai ma san ya fara ba, kuma ƙarar "ƙas" da zai ji ba ta noti ba ce, ta firam ce. Maganin abin sifana mai awo ce, wadda ke sakin kai in an kai adadin, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya mai kyau ba. Da yake ba a matsewa da ƙarfi, sandar sirdi kan so ta zame, shi ya sa ake shafa mata wani man musamman mai ɗan yashi-yashi a ciki don ta kama. Giris na yau da kullum santsi yake ƙarawa, mai gyara ya ƙara matsi, a koma gidan jiya. Barin wurin a bushe ma ba dabara ba ce in sandar ta alminiyam ce, domin alminiyam da kabon in gumi da ruwan damina suka shiga tsakaninsu, sukan manne har sai an yanka. Haka nan a cikin sandar fok ta kabon ba a buga 'yar tauraruwar ƙarfen nan mai haƙora da ake bugawa a ta ƙarfe; akwai toshi mai buɗewa a hankali da aka yi domin wurin. Sandar kuma in ta yi tsawo za a rage, gwamma a hau keken makonni kafin a yanke, tunda abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Sauran wahalar ta kayan gyara ce. Gidan boris na feda a tsohon keke iri ɗaya ne ko biyu; a na kabon akwai mai zare, akwai BB30, da PF30, da BB86, kowanne da faɗinsa, kuma waɗanda ake turawa ciki da matsi ba sa son a buga su. Ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jiki an yi shi ne da gangan ya zama mai rauni, don ya lanƙwashe a madadin firam, amma kowane samfurin keke da siffar nasa, ga ɗaruruwan iri. Firam mai kyau na iya yin wata shida a jingine saboda wannan abu da bai fi ɗan yatsa ba. Taya ma haka: ta tsere faɗin garenta milimita 622 ne, ta Rali 635, ba sa shiga wa juna. Tsofaffin firam-firam na tsere, waɗanda su ne suka fi zuwa gwanjo, an yi su ne don taya mai kaurin milimita 23 ko 25, alhali kwaltar da ta farfashe da yashin gefen titi sun fi son 28 ko sama. Ƙurar hunturu kuwa in ta haɗu da baƙin mai a kan siririyar kaca mai giya 11, sai ta zama dutsen wasa wuƙa.

Kabon yana gyaruwa, amma ba a wurin mai walda ba, domin wuta danƙon take ƙonewa ta bar zare tsirara. Gyaransa shi ne a kankare inda ya lalace, a shimfiɗa sabon ƙyalle hawa-hawa bisa fuskar na asali, a matse, a gasa a hankali. Fok da kan keke ba a ma gyara su, sauyawa ake yi. Ga wanda zai riƙa zuwa aiki kullum daga Unguwa Uku zuwa Bata ko Sabon Gari, yana jingine keke cikin babura, gaskiyar magana ita ce firam ɗin ƙarfe ko na alminiyam ya fi masa alheri. Kabon na mai neman gudu ne a doguwar hanya, wanda ke da ɗakin ajiya da haƙurin jiran kaya. Cewa masu gyaran Kano ba za su iya koyon sabon aikin ba kuwa, kasuwar waya ta Farm Centre da ke nan Tarauni ta isa amsa: kafin 2001 babu wayar salula a hannun jama'a, yau ga samari suna ɗaga abin da ido da kyar yake gani a ƙarƙashin madubi.

Buƙatar kuma ƙaruwa za ta yi. Burkina Faso na gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga a Tour de France, a Satumban 2025 kuma aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. Nijeriya tana da filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003, amma da Ese Ukpeseraye ta je wasannin Olamfik na Paris a 2024, keken da ta shiga tseren cikin fili da shi aro ta yi daga tawagar Jamus. Matashin da ya ga waɗannan a wayarsa ya yi sha'awa, ta gwanjo zai fara.

Gwanjon da ke tafe kuma ya fi na yanzu rikici. Shimano ta fito da giya mai aiki da lantarki a 2009, UCI ta halatta birkin faifai a gasar kan titi a 2018, kuma kekunan da ake ƙerawa tun daga lokacin suna ɓoye wayoyinsu cikin wuya da firam, ta yadda ɗaga kan keke da santimita ɗaya kan bukaci a kwance birki a sake ɗura masa mai. Man ma iri biyu ne da ba a haɗawa: na Shimano daban, na yawancin birkin SRAM daban, in aka saka wannan a gidan wancan robobin ciki su kumbura. Irin waɗannan kekuna sun fara tsufa a Turai, sun fara shiga kwantena, kuma sau da yawa batirin giyar yakan iso a mace, cajarsa kuwa tana can a aljihun teburin mai shi na farko.